Shinkafar Jiya da Darajarta a Ƙasar Filifin

A cikin al'ummomin da Allah Ya zaunar a gabashin duniya, inda shinkafa ta zama ginshiƙin rayuwa har ba a lissafa mutum ya ci abinci sai ya ci ta, mutanen tsibiran Filifin sun shahara da wani irin karin kumallo wanda, ko da yake bai wuce abu uku a faranti ɗaya ba, watau soyayyen naman shanu da soyayyiyar shinkafa mai tafarnuwa da ƙwai guda a kai, ya cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazarinsa fiye da yadda ake tsayawa a kan girke-girken fadoji da manyan otal-otal. Suna kiransa tapsilog, suna ne da aka harhaɗa daga tapa, naman da ya kwana cikin kayan ɗanɗano, da sinangag, shinkafar da aka soya, da itlog, wato ƙwai. A cikin shekarun 1980 sunan ya bazu, kuma ruwayar da ta fi shahara tana danganta shi ga wata mai sayar da abinci a yankin Manila, Vivian del Rosario. Amma abubuwan da ke cikin farantin sun girmi sunan nesa ba kusa ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, darajar wannan abinci tana ga shinkafarsa, wadda sharaɗinta shi ne ta zama ta jiya, kuma al'ummar da ta iya mayar da ragowar tukunya abin marmari, har mai kuɗi ya fito da kuɗinsa ya saya yana murna, lalle ta riƙe wani babi na tadbiri wanda bai kamata ta sake shi ba.

Mu fara da naman, tun da shi ido ke fara gani. Filifin ƙasa ce mai tsibirai fiye da 7,600, mai zafi da laima yawancin shekara, inda naman da aka yanka da safe ba ya kai gobe lafiya idan ba a yi masa dabara ba. Saboda haka tun kafin a san firiji mutanen wurin suka saba yanyanka nama falle-falle, su shafe shi da gishiri, su shanya a rana ko su banda shi a hayaƙi, ko na saniya ne, ko na barewa, ko na kalabaw, ɓaunar ruwan da suke huɗar fadamun shinkafa da ita. Wannan shi ne asalin tapa, kuma larura ce ta haife shi. Daga baya zamani ya yi ta ƙara masa abin da ya zo da shi. Fataken Sin, waɗanda aka keɓe wa unguwar Binondo a Manila tun 1594, su suka kawo toyo, baƙin ruwan waken suya mai gishiri da yanzu ya zama jigon jiƙa naman. Jiragen ruwan Sifaniyawa kuwa, da suka yi ta kai-kawo tsakanin Manila da Akafulko ta Meziko daga 1565 har zuwa 1815, su suka sauke tumatir da barkono da gwanda, waɗanda a yau ake jerawa a gefen faranti kamar tun fil azal a can suke.

A yau kaɗan ne ke shanya naman a rana, musamman a birane. Abin da uwargida ke yi shi ne ta samu tsoka mai laushi mara yawan jijiya, ta yanka ta siriri ƙwarai a gicciye, don idan aka bi tsawon zaren naman sai ya yi tauri a baki komai iya suya. Sa'an nan ta haɗa toyo da ruwan kalamansi, wani ɗan ƙaramin lemon tsami nasu mai ƙamshi, ko khal, wato ruwan tsami, idan babu shi, da dakakkiyar tafarnuwa da masoro da ɗan sukari, ta cuɗa naman a ciki, ta rufe, ta bar shi ya kwana a wuri mai sanyi. Da asuba sai ta zuba shi a kasko tare da ɗan ruwa kaɗan, ta bar ruwan ya tafasa har ya ƙone, naman ya nuna ya yi laushi, kana ta zuba mai ta soya har gefunansa su yi duhu su ɗan ƙandare. Wanda ya yi gaggawa ya jefa ɗanyen naman cikin mai mai zafi zai ga sukarin ya ƙone tun naman bai nuna ba. A nan ina da ƙorafi a kan tapan da kamfanoni ke ƙullawa a leda suna sayarwa a kantuna, domin da yawansu sun cika sukari har naman ya koma kamar alewa, alhali kuwa abin da ake nema ga tapa shi ne gishiri da tsami da tafarnuwa su yi rinjaye, zaƙi ya tsaya a bayansu yana daidaita su kawai. Sukari yana ɓoye aibin nama, kuma ina zaton wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan kasuwa ke sakin hannu da shi.

To, yanzu ga shinkafar, wadda a kanta ne maganar take. Shinkafar da ta kwana suna ce mata bahaw, kuma babu mai girki na ƙwarai a ƙasar da zai yarda ya yi sinangag da wadda aka sauke yanzu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa gwadawa: sabuwar shinkafa tana cike da tururi, ƙwayoyinta suna da danƙo, da ta shiga mai sai ta cuɗe ta caɓe ta manne a gindin kasko, amma wadda ta huce ta kwana, ruwan da ke jikinta ya ragu, garin da ke cikin ƙwayar ya daskare ya yi ƙarfi, sai kowace ƙwaya ta iya tsayawa ita kaɗai, ta sha mai daidai gwargwado, ta ɗauki ƙamshi ba tare da ta farfashe ba. Watau abin da ake gani naƙasa ne ga shinkafa a teburin dare, shi ne kamalarta a kaskon safe. Mai girki takan jiƙa yatsunta da ruwa ta murtsuke curin shinkafar tun tana sanyi, ta barbaɗa gishiri, ta ajiye a gefe, sa'an nan ta juya ga tafarnuwa, wadda a nan ba a yi mata rowa. Ana daddatsa ta da yawa, a zuba ta cikin mai tun bai yi zafi ba, a bar wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa cikin natsuwa har ta yi launin zinariya, domin tsakanin tafarnuwar da ta soyu da wadda ta ƙone bai fi ƙiftawar ido ba, kuma wadda ta ƙone ɗacinta ba ya da magani sai a zubar a sake. Idan ta yi, sai a tsame kaɗan a ajiye don barbaɗawa a ƙarshe, a ƙara wuta, a juye shinkafar, a yi ta baza ta ana juyawa har ta yi zafi ko'ina, wasu ƙwayoyin su fara ƙanzo. Masu wayo sukan yi wannan a kaskon da aka soya naman, don kada romon da ya maƙale a gindinsa ya tafi ga ruwan wanke-wanke. Ba a sa mata kayan lambu, ba a sa mata launi, ba a neman ta zama wani abu da ya wuce shinkafa da mai da tafarnuwa da gishiri, kuma a ganina wannan ƙana'a ita ce kyanta.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, tun da ya san ɗumame, ya kuma san akwai dattawan da ba su musanya tuwon da ya kwana da kowane irin shayi da burodi. Bambancin da na gani shi ne, mutanen Filifin sun fitar da nasu daga ɗakin girki sun kai shi kasuwa da alfahari, sun rubuta sunansa a allunan shaguna, har manyan gidajen abinci na zamani suna sayar da shi, babu wanda ke jin kunyar a gan shi yana cin ragowar jiya. Sai dai wajibi ne a faɗi sharaɗi ɗaya, domin al'amarin lafiya ba a yi masa kara: dafaffiyar shinkafa idan aka bar ta a rufe cikin ɗumi dare guda, akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Bacillus cereus da ke hayayyafa a cikinta ta bar dafin da suya ba ta kashewa, mai jawo amai da gudawa. Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a baza ragowar a faranti mai faɗi ta huce da wuri, a sa ta a firiji ko wuri mafi sanyi da ke akwai, a kuma cinye ta washegari. Tattalin da zai kai mutum asibiti ya tashi daga tattali.

Ƙwan ba ya bukatar dogon bayani. Ana soya shi a mai mai zafi ba tare da an juya ba, gefensa ya ɗan ƙandare, gwaiduwar ta rage ruwa-ruwa, don idan aka fasa ta a kan shinkafar ta zame mata miya. Abin da ya fi ƙwan muhimmanci, kuma baƙi suka fi mantawa da shi, shi ne ɗan ƙoƙon khal da ake ajiyewa a gefe, da tafarnuwa da ƙaramin barkono mai zafi a ciki, wanda ake tsoma naman kafin a kai baki, tare da yankakken tumatir ko atsara, ɗanyar gwanda da aka goge aka jiƙa a khal da sukari. Abinci mai maiƙo da gishiri irin wannan, in babu tsami a kusa, yana gundurar mai ci tun bai kai rabi ba. Kuma Filifin ƙasar khal ce ta haƙiƙa: akwai na rake daga yankin Ilokos, akwai na ruwan kwakwa, akwai na itacen nipa da ke fitowa a bakin ruwa, wanda garin Paombong na lardin Bulakan ya yi suna da shi. Mai karatu Musulmi zai iya tambayar hukuncinsa, tun da ruwan da ake yin khal da shi yakan bi ta matakin tsimuwa kafin ya yi tsami. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, kuma fuƙaha'u sun haɗu a kan cewa abin da ya juye da kansa ya zama khal ya tsarkaka, cinsa halas ne. Saɓaninsu yana ga wanda aka juyar da gangan, kuma wanda ke son tafsili sai ya koma ga malamansa.

Wanda bai san halin da shinkafa ke ciki a wannan ƙasa ba zai ɗauka duk wannan magana ce ta ɗanɗano kawai. A Filifin ne, a garin Los Baños, aka kafa Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya a 1960, kuma daga nan ne irin nan mai suna IR8 ya fito a 1966, wanda ya ninka amfanin gona a ƙasashen Asiya da dama ya kuma taimaka wajen kawar da barazanar yunwa daga miliyoyin mutane. A tsaunukan Ifugao ne kakanninsu suka sassaƙa gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin dutse, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995. Amma duk da wannan ilimi da wannan gado, ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 109 a ƙidayar 2020, wadda ƙasar nomanta ke warwatse a tsibirai, wadda kuma mahaukaciyar guguwar teku ke ziyartar yankinta kusan sau 20 a kowace shekara, ba ta noma abin da zai ishe ta. Tana cikin sahun gaba na masu sayen shinkafa daga waje a duniya, har ta shigo da fiye da tan miliyan 4 a 2024, mafi yawa daga Biyetnam. A 2008, lokacin da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi a duniya, talakawan Manila sun yi dogayen layuka don samun shinkafar gwamnati mai rangwame, kuma a Satumban 2023 sai da shugaban ƙasa ya ƙayyade farashinta da doka na ɗan lokaci. A ƙasa irin wannan, ludayin shinkafar da aka zubar a kwandon shara kuɗin waje ne aka zubar, da gumin manomin da ya yini cikin taɓo. Hukuma ta gane haka, shi ya sa aka ayyana 2013 a matsayin shekarar shinkafa ta ƙasa, aka yi ta wa'azin kada a zubar, wasu birane ma suka wajabta wa gidajen abinci su riƙa sayar da rabin kofi ga wanda ba zai iya cinye cikakke ba. Duk wannan yana da kyau, amma ni a ganina abin da doka da sanarwa ke fafutukar koyarwa, kaskon sinangag ya riga ya koyar da shi a kowane gida tun da daɗewa, kuma ya fi su tasiri, domin ya sa mutum ya guji israfi saboda yana son abin da zai ci gobe, ba don tsoron tara ba. Addininmu ya hana almubazzaranci da kakkausan lafazi, kuma abin sha'awa ne a ga al'ummar da mafi yawanta Kiristoci ne ta isa ga wannan ladabi ta hanyar tukunyarta.

Akwai masu suka, kuma adalci ne a saurare su. Likitoci suna cewa faranti mai farar shinkafa da aka soya a mai, da nama mai gishiri, da soyayyen ƙwai, nauyi ne ga jikin wanda zai yini a zaune, a ƙasar da ciwon zuciya ke kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane, hawan jini da ciwon sukari kuma suna ƙaruwa. Wannan gaskiya ce, ban kuwa ga amfanin musunta ba. Abincin an gina shi ne don manomi da masunci da ɗan dako, mutanen da kan ƙone abin da suka ci kafin azahar. Wanda aikinsa kujera ce da kwamfuta, idan ya ci rabon manomi kullum, jikinsa zai kai ƙararsa. Amma maganin wannan shi ne ƙaramin faranti, da rage mai da toyo, da yawaita tumatir da gwanda, da mayar da shi abincin wasu ranaku. Ban yarda cewa maganin shi ne a watsar da shi a koma ga biskit da lemon kwalba da taliyar leda ba, waɗanda gishirinsu da sukarinsu ba su gaza nasa ba, ga kuma tsada, ga rashin ƙosarwa. Suka ta biyu ita ce naman shanu yana da tsada a Filifin, talaka ba ya samunsa kullum. Wannan ma haka ne, kuma shi ne ma ya ƙara tabbatar mini da abin da na faɗa tun farko, domin idan nama ya gagara sai a sa busasshen kifi mai gishiri da suke kira tuyo, ko kifin bangus da aka tsaga aka jiƙa a khal, ko kaza, sunan ya canja gwargwadon abin da aka sa, amma shinkafar jiya da ƙwan suna nan ba su motsa ba. Abin da ake iya musanyawa ƙari ne, abin da ba a musanyawa shi ne asali.

Ƙananan shagunan da ke sayar da wannan abinci, waɗanda ake kira tapsihan, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma a kan bencinsu za ka ga direban jifni, motar hayar nan mai ado da ta zama alamar Manila, yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗalibi, da ma'aikaciyar jinya da ta tashi daga aikin dare, da samarin cibiyoyin amsa kiran waya waɗanda ke aiki da agogon Amurka, safiyarsu ta zama dare, darensu ya zama safiya. Miliyoyin 'yan ƙasar kuma suna aiki a ƙetare, kuma alhazanmu da suka taɓa kwanciya a asibitocin Saudiyya da wuya su rasa haɗuwa da ma'aikatan jinya 'yan Filifin. Irin waɗannan mutane, duk inda suka sauka, abin da ba ya gagararsu shi ne shinkafa da tafarnuwa da ƙwai, shi ya sa wannan kalaci ya bi su ko'ina a duniya alhali girke-girke masu bukatar kayan gida sun tsaya a gida.

Ga matafiyi Musulmi akwai tanbihi da ya wajaba. Biyu daga cikin 'yan'uwan tapsilog da suka fi farin jini, wato wanda ake yi da longganisa da wanda ake yi da tosino, galibi naman alade ne, kuma a shago ɗaya, sau da yawa a kasko ɗaya, ake soya su da na shanun. Ga kuma batun yanka. Saboda haka ganin an rubuta naman shanu a allo bai wadatar ba, sai an nemi wurin da aka tabbatar halas ne. Irin waɗannan wurare suna nan, domin Musulunci ya riga Sifaniyawa isa tsibiran: tarihi ya ambaci Shaihu Karimul Makhdum da masallacin da ake danganta masa a tsibirin Simunul tun 1380, daga baya aka kafa daular Sulu da ta Magindanao, kuma tun 2019 Musulmin kudu suna da yankinsu mai cin gashin kansa, Bangsamoro. A can ma shinkafa ce ke buɗe yini, kamar pastil na mutanen Magindanao, shinkafa da yagaggen naman kaza ko kifi a naɗe cikin ganyen ayaba, kuma a Manila kanta unguwar Kiyapo tana da masallaci da masu abincin halas.

Wanda ya karanta wannan ya ji yana son gwadawa, ba ya bukatar komai daga Manila. Lemon tsami zai tsaya a madadin kalamansi, ruwan waken suya ana samunsa a manyan kantuna, in babu shi gishiri ya wadatar kamar yadda ya wadatar da mutanen farko, naman shanu kuwa Allah Ya hore mana wanda ya fi nasu yawa. Abu ɗaya nake roƙo, musamman ga iyayen gida da masu ɗaukar nauyin cefane: idan an tashi daga cin abincin dare an ga shinkafa ta rage a tukunya, kada a bari ta lalace a zubar da safe, a baza ta ta huce, a adana ta a wuri mai sanyi, a jiƙa ɗan nama ko kifi tun da dare, a tanadi tafarnuwa mai yawa, sa'an nan a tashi da wuri a soya wa yara kafin su tafi makaranta.